Ajin Tarihin Gini na Ranakun Asabar a Sakkwato: Abin da Na Gani a Darasin Prandtauer

Wata cibiyar koyar da sana'o'i da ke cikin garin Sakkwato ta buɗe aji na Asabar huɗu a kan tarihin gini, kuma kuɗin rajistarsa bai kai na buhun siminti ɗaya ba. Na halarci dukkan zaman saboda gini gadona ne, amma zama na uku ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin a ranar ce malamin, wanda injiniya ne, ya kawo mana rayuwar Jakob Prandtauer, maginin ƙasar Ostiriya na zamanin salon Barok, wato salon ginin Turai mai yawan ado.

An haifi Prandtauer a 1660 a ƙauyen Stanz da ke tsaunukan Tirol, yankin da noma ba ya ciyar da mutanensa, don haka magina kan fita neman aiki a wasu ƙasashe idan ɗumi ya shigo, su koma gida da hunturu, lokacin da ƙanƙara ke hana kwaɓin farar ƙasa kamawa. Da malamin ya kira wannan fita da sunan cirani, sai ajin ya ɗauki gyaɗa kai, domin kusan kowa a cikinmu yana da ɗan'uwan da ke barin gida bayan girbi. A wajen ubangidan sana'a Prandtauer ya koyi gini, da hannunsa, kafin ya zauna a garin Sankt Pölten ya zama babban magini mai yaransa.

Aikin da ya ɗaukaka sunansa shi ne gidan rahiban Kirista na Melk, wanda shugaban gidan, Berthold Dietmayr, ya damƙa masa, aka aza harsashin majami'arsa a 1702. A nan ne gwanintar malamin ta fito. Ya fara da hoton dutsen da ke tsaye a bakin Kogin Danub, ya tambaye mu yadda za mu zaunar da gini mai tsawon kimanin mita 320 a kan doron da ya tsuke ta gefen ruwa. Sai da muka gama kame-kame sannan ya haska mana yadda aka bi siffar dutsen: dogayen ɓangarori biyu suna tafiya har goshinsa, ɗaya ya ƙare da ɗakin karatu, ɗayan da zauren marmara, sannan wata baranda mai lanƙwasa ta haɗa su, an kuma bar ta ƙasa-ƙasa domin wanda ke cikin jirgin ruwa ya hango fuskar majami'ar da hasumiyoyinta biyu. Ban taɓa fahimtar cewa adon Barok yana da lissafi a ƙarƙashinsa ba sai a wannan rana.

Wani dattijon magini da ke zaune a gabana, wanda tafin hannunsa duk ya tsage saboda siminti, ya ɗaga murya ya ce, "Malam injiniya, shi wannan mutum ya ga ƙarshen aikinsa kuwa?" Malamin ya amsa da cewa, "Baba, bai gani ba." Prandtauer ya rasu a 1726, kuma ɗan danginsa da ya taso a hannunsa, Josef Munggenast, shi ya kammala ginin a 1736. Shi ma Prandtauer ya gaji aikin wani, domin bayan rasuwar magini Carlo Antonio Carlone a 1708 ya ci gaba da gine-ginen gidajen rahibai na Sankt Florian da Kremsmünster. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce haka shi ma ya ƙarasa soron da mahaifinsa ya bari a rabi.

Inda ajin ya gaza, a ganina, shi ne inda ya fi kamata ya yi ƙarfi. Malamin ya ambaci Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, amma a jimla biyu ya wuce shi, alhali a ɗakin akwai mutanen da suka san yadda ake jera azara a ɗaure bakan gizo, kuma da an ba su dama da sun kwatanta ɗaurin guga, wato rufin soro mai tudu na ginin Hausa, da kubbar majami'ar Melk, mun ga inda nauyi ke sauka a kowannensu. Ba a kuma kawo ko tubali ɗaya ko igiyar awo ba, ga shi wuta ta ɗauke sau biyu, babu janareta, muka zauna cikin zafi muna kallon farin bango.

Duk da haka, ina ba matasan magina da ɗaliban zanen gini shawarar su yi rajista idan an sake buɗewa, su kuma zo da takarda da fensir, domin cibiyar ba ta raba kwafin zanen ba. Na riga na roƙi malamin, ta bakin dattijon nan, da ya ware Asabar ɗaya a zagaye na gaba mu fita tare zuwa tsofaffin sorayen da ke kewayen Hubbaren Shehu, kuma ya ce zai duba.