Uwar Kim Jong-il da uwar Kim Jong-un, wacce aka fi girmamawa?

Malam, ka tambaya wai matar nan da 'yan Koriya ta Arewa ke yiwa kirari da uwar juyin juya hali ita ce ta haifi shugabansu na yanzu, Kim Jong-un? A'a, kakarsa ce, mata biyu ka haɗe waje ɗaya, kuma yadda ƙasar ta ɗauke su ya sha bamban.

Kakar ita ce Kim Jong-suk, an haife ta 1917 a Hoeryong, 'yar talakawa ce da iyayenta suka yi hijira zuwa Manchuria da ke arewa maso gabashin China, can ta shiga cikin 'yan sari-ka-noƙen da ke yaƙar Japan, nan ta haɗu da mijinta Kim Il-sung, shugaban Koriya ta Arewa na farko. Ta haifi Kim Jong-il, mahaifin Kim Jong-un, a ƙasar Sobiyet 1941, duk da gwamnati ta dage wai a dutsen Paektu aka haife shi 1942. Ta rasu 1949 tana da shekara 31 kacal, ɗan bai kai goma ba. Ita kuwa mahaifiyar Kim Jong-un sunanta Ko Yong-hui, haihuwar Osaka ce ta Japan a 1952, babanta mutumin tsibirin Jeju ne da ke Koriya ta Kudu, farkon shekarun 1960 suka koma Koriya ta Arewa, ta zama 'yar rawa a ƙungiyar Mansudae inda Kim Jong-il ya ganta. Ta haifa masa uku, Jong-chol da Jong-un da Yo-jong, ciwon dajin nono ya ɗauke ta 2004.

Toh a cikin gida Ko Yong-hui ce ta ci duniya, mowa ce ta gaske, ta yi shekara sama da ashirin tare da maigidan kuma ɗanta ya sha gaban Kim Jong-nam ɗan kishiyarta Song Hye-rim wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, Jong-nam ɗin ne aka kashe a filin jirgin Kuala Lumpur 2017. Amma a bainar jama'a fa kamar ba a yi ta ba. Ƙasar da ake auna mutum da asalin iyayensa, songbun suke ce masa, waɗanda suka dawo daga Japan kallon ƙasa-ƙasa ake musu, ga jinin Kudu, ga ƙanwarta Ko Yong-suk da ta gudu Amurka 1998. Ta yaya za ka ce kai jinin Paektu ne, wato tsatson Kim Il-sung, sannan ka fito ka faɗi wannan? Shi yasa har yau jaridun gwamnati basa kiran sunanta.

Kim Jong-suk kuwa bata ɗanɗani mulkin ba sosai, shekara ɗaya da kafa ƙasar ta mutu, bayan ranta ne ɗanta Kim Jong-il ya ɗaga ta sama, akwai gunduma guda mai sunanta tun 1981, ga gumaka, ga kabarinta a maƙabartar jarumai ta dutsen Taesong. Ni dai a ganina ba son uwa kaɗai ba ne, lokacin yana fama da matar uba Kim Song-ae da ɗanta Pyong-il, ɗaukaka tasa uwar shi ne nuna wa kowa waye ɗan uwargida. Pyong-il ɗin ma jakadanci aka tura shi Turai ya kwashe shekaru da yawa daga wannan ƙasa zuwa waccan, sai 2019 ya dawo gida.