Garejin da ya raba a-kori-kurata da tutsu

Motata Hilux ce ƙirar 2010, mai injin fetur 2.7 da giyar hannu. Ta hannu na saye ta, kuma tun da ta shigo wurina ba ta san hutu ba: buhunan masara, gero da riɗi daga kasuwar Dawanau zuwa cikin garin Kano, wani lokaci har Bichi ko Ɗambatta. Tsufa ya kama ta, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Sai a tsakiyar hunturun da ya wuce ta ɓullo da wani hali.

Idan ina kan babban titi ina gudu, lafiya lau, ko tari ba ta yi. Amma da na shiga cunkoson Kurna, na koma giya ɗaya ko biyu ina lallaɓa totur, sai ta fara tutsu kamar dokin da aka ɗaure wa sirdi yau. Ta fizga gaba, ta shaƙe, ta sake fizga. Kaina ya yi gaba ya yi baya, yaron motata ya dafe gaban mota da hannu biyu. Ran nan saura ƙiris na hau bayan wani mai adaidaita sahu, ya leƙo yana tambayata ko jiya na koyi tuƙi. Shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da sitiyari, amma ban ce masa komai ba, don ko ni na ga motar daga waje abin da zan ɗauka ke nan.

Kafin na isa garejin da nake son ba da labarinsa, na bi wurare biyu. Na farko ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce fulogi ne. Aka sa sababbi guda huɗu, tutsu na nan. Na biyu ya ce famfon mai ne, wai man 'yan bumburutu ya kashe shi. Maganarsa ta shige ni, don ba zan yi ƙarya ba, a lokutan wahalar mai na sha sayen na galan a bakin titi, kuma babu direban da ya manta gurɓataccen man da ya shigo ƙasar nan a watan Fabrairun 2022. Aka sauke tanki, aka sa wani famfo, aka wanke nozul. Na biya, na fito, ban kai shataletale na biyu ba ta fizge ni. Da na koma sai ya ce to lallai burenbos ne, wato kwamfutar motar. Nan na tsaya, don na san kuɗin burenbos ba na wasa ba ne.

Wani abokin kasuwancina ne ya kwatanta mini wannan garejin, a wani lungu da ba shi da nisa da Ƙofar Ruwa. Babu allo, babu komai, rumfar kwano ce da rami ɗaya, sai yara uku. Maigidan mutum ne mai ƙarancin magana, ya kai shekara hamsin. Da na fara zayyana masa abin da aka canza, sai ya ɗaga hannu.

"Alhaji, bar lissafin tukuna. Ba ni makulli, ka zauna a gefe."

Shi ya tuƙa. Ya zaga lungu a giya biyu har ta yi masa tutsun sau uku, ya sake zagawa ya taka kuloci a tsakiyar fizgar, ya saurara. Sannan ya tambaye ni ko ta fi yi idan da kaya a baya. Na ce ƙwarai kuwa. Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar.

Da muka dawo ya jona na'urarsa ta bincike a ƙarƙashin sitiyari. Lamba ɗaya ta fito, P0171. Ya ce ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Abin da ya burge ni shi ne bai tsaya a lambar ba, don a cewarsa lambar tana faɗin ciwo ne, ba ta faɗin inda ƙayar ta shiga. Ya juyo da fuskar na'urar ya nuna mini wani adadi: yawan man da kwamfutar motar take ƙarawa da kanta don ta cike giɓin. A silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, adadin ya haura kashi 20 cikin ɗari. Ya sa yaro ya taka totur zuwa juyi 2,500 a minti, sai adadin ya sauko kusa da sifili.

"Ka gani? Da famfon mai ne ya gaza, idan aka taka ne abin zai ƙara lalacewa, don lokacin ne injin ya fi neman mai. Naka gyaruwa yake yi. Iska ce ke shigowa ta ɓarauniyar hanya."

Ya yi mini bayanin a tsaye, hannunsa a kan bonet. Bayan matatar iska akwai wata 'yar na'ura da ke auna iskar da ke shiga injin, kuma da awonta ne kwamfuta ke yanke yawan man da nozul zai fesa. Duk iskar da ta shiga bayan an wuce wannan ma'auni, kwamfuta ba ta san da ita ba. A kan babban titi injin na zuƙar iska mai yawa, 'yar wadda ta sato hanya ba ta taka kara ta karya ba. A cunkoso kuwa iskar da ake buƙata kaɗan ce, don haka ɓarauniyar ta zama babban kaso.

Ya kama baƙin tiyon roban nan mai ninki-ninki da ya haɗa akwatin matatar iska da maƙogwaron injin. Daga sama lafiyarsa ƙalau, ni kaina na sha kallonsa. Ya lanƙwasa shi da hannu, sai ga tsaga a ƙarƙashin ninki na biyu, tsawonta ya kai ɗan yatsa, ta buɗe baki kamar kifi. Injin ya shaƙe nan take. Ya saki, tsagar ta rufe, injin ya dawo daidai.

Saura tambayar me ke lanƙwasa tiyon alhali ina tuƙi. Ya sa yaro ya ja birkin hannu, ya taka birki, ya sa giya ɗaya ya ɗan saki kuloci. Na ga injin ya ɗaga ya karkata gefe fiye da yadda ya kamata. Ɗaya daga cikin robobin da injin ke zaune a kai ta mutu. Ashe abin zagaye yake yi: na taka totur, injin ya karkata, tsaga ta buɗe, iska ta shiga, ƙarfi ya faɗi, injin ya koma mazauninsa, tsaga ta rufe, ƙarfi ya dawo da fizga, injin ya sake karkata. Tutsun ke nan. Kaya a baya kuma yana ƙara wa injin nauyin ja, shi ya sa ta fi yi idan na ɗauko buhuna. Duk wannan bai kai awa ɗaya ba.

Bai sayar mini da komai ba. Ya rubuta abin da ake buƙata a bayan kwalin fulogi, ya haɗa ni da yaro zuwa Ƙofar Ruwa, ya ce tiyon in samu sabo, kada in yarda da na gwangwan, don robar da ta sha zafi shekara goma a wata motar ba za ta daɗe ba. Robar zaman injin kuma ya ce a canza duka biyun. Matatar iska da ya zaro ta toshe da ƙurar hunturu har ta koma ja, ita ma aka sa sabuwa. Ma'aunin iskar ya wanke shi da kansa da wani maganin fesawa na musamman, ya hana yara taɓa shi, ya ce siririyar wayar da ke ciki ko tsinke ba ta so, balle a wanke ta da fetur kamar yadda wasu ke yi. Fulogin da aka sa mini a wurin farko ya zaro su ya auna tazarar bakinsu, milimita 1.1, ya mayar. Ya ce ba su da laifi, kuma da alama tsofaffin ma ba su da shi.

Yanzu abin da bai yi mini daɗi ba. Mutumin nan ba ya ɗaga waya. Na kira shi ya fi sau biyar kafin na je, ko sau ɗaya bai amsa ba, sai dai ka je ka same shi. Wurin zama benci ɗaya ne, rabinsa a rana. Aikin da ya ce za a gama kafin la'asar sai bayan magariba aka gama, saboda duk wanda ya shigo da mota sai ya tashi ya saurare ta. Yaransa sun bar mini baƙin mai a kujera. Wanda ya fi ba ni haushi: sun wanke maƙogwaron totur, ba su gaya mini cewa silo zai ɗan hau ba har kwamfutar ta sake sabawa. Washegari da asuba na tayar da mota na ji tana gurnani sama da yadda na sani, gabana ya faɗi, na bar lodi na koma garejin. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, mantuwa ce, ka ba ta kwana biyu." Haka kuwa aka yi, amma na yi asarar rabin yini a kan maganar da ba ta wuce jimla ɗaya ba.

Kuɗin bincikensa daban yake karɓa, ko an yi gyara ko ba a yi ba, kuma yana faɗa tun kafin ya jona na'urar. Na ga wani ya yi fushi ya ja motarsa saboda haka. Ni da na haɗa kuɗin binciken, kuɗin aiki, tiyo, matata da robobin biyu, bai kai abin da na kashe a famfon man da lafiyarsa ƙalau ba, ga shi litar mai ta yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, kuma motar ta rage sha bayan gyaran.

Wata huɗu ke nan. Jiya na ratsa Kurna da buhu goma sha biyu na masara, giya biyu, ƙafata a kan totur kamar na taka ƙwai, ba ta motsa kaina ba ko sau ɗaya. Tsohon tiyon yana bayan kujera, ban yar ba. Duk direban da ya ce mini an ce masa burenbos ne, sai in ɗauko in lanƙwasa masa ya ga tsagar.