Hattara da masu cewa za su gyara maka manhajar shiga kwamfuta daga nesa

Jama'a don Allah a yi hattara, musamman masu barin kwamfuta a kunne a ofis ko a gida suna shigarta daga nesa. Akwai wasu 'yan damfara da suke fakon masu matsalar nan ta manhaja ta ƙi tashi da kanta idan an kunna kwamfuta, kuma wallahi saura ƙiris su gama da ni.

Ina da wata tsohuwar kwamfuta da nake tara fayilolin aiki a ciki, na saka mata VNC, wato manhajar da nake shigarta da ita daga nesa, to duk sanda ta mutu ta sake tashi sai sabar, wato ɓangaren VNC ɗin da ke zaune a kan kwamfutar yana jiran a haɗu da ita, ta ƙi tashi, dole sai wani ya je ya shigar da fasuwod da hannunsa kafin in iya haɗuwa da ita. Na yi cigiyar wanda ya san maganin abun, ko awa ba a yi ba wani ya turo min saƙo wai shi ma'aikacin sashen taimako ne na kamfanin da ya yi manhajar, ga ladabi ga iya magana, yace aikin minti biyar ne, in sauke AnyDesk kawai, wata manhajar shiga daga nesa, in karanto masa lambar da ta fito in danna amincewa. Ni ma da gajiya ta ishe ni ban tsaya tunanin ta ina kamfani ya san da zamana ba.

Yana shiga ya buɗe Event Viewer, inda Windows ke ajiye bayanan abubuwan da suka faru a kwamfuta, yana nuna min jajayen alamomi da masu ruwan ɗorawa, wai kwamfutar ta cika da bairos shi yasa sabar bata tashi. Ƙarya ce tsagwaronta, duk Windows ɗin da ka buɗe a duniya sai ka ga irin waɗannan, ko lafiyarta ƙalau. Ashe yana janye min hankali ne, a nan ya girka AnyDesk ɗin gaba ɗaya a kan kwamfutar ya sa mata nasa fasuwod na shiga ba tare da neman izini ba. Kun ga abun haushin, abun da na roƙa ya yi min kam, manhaja mai tashi da kanta, amma tasa ce ba tawa ba.

Nan ne mutane suke ruɗuwa. Kana ganin ka rufe tagar ka kashe kwamfuta shikenan ya tafi, alhali idan manhajar ta zauna cikin ayyukan da suke gudana a bayan fage, tana tashi tun kafin kai ka shigar da fasuwod ɗinka, da intanet ta haɗu ƙofarsa a buɗe take. Da ya gama yace in shiga asusun bankina in biya ɗan kuɗin aiki yana kallon sikirin, nan jikina ya bani, nace sai anjima. Cikin dare ina zaune sai ga kibiyar mawus tana yawo da kanta tana buɗe burauza, ban san sanda na fizge wayar intanet ɗin ba.

Ba laifin AnyDesk ko TeamViewer bane fa, manhajoji ne na halak da mutane suke aiki da su kullum, wanda ka miƙa wa mabuɗin ne matsalar. Kuma Microsoft sun sha faɗa cewa basa kiran mutum haka kawai don gyara, saƙonsu na matsala ma baya zuwa da lambar waya.

Idan ka riga ka bar wani ya shiga, fara da cire intanet, sannan ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta services.msc, zai buɗe maka jerin ayyukan bayan fage, ka duba duk wata manhajar nesa da baka santa ba ka tsayar da ita ka goge, ka leƙa Task Manager wajen abubuwan da suke tashi da kwamfuta, da Task Scheduler, inda ake tsara ayyukan da za su gudana da kansu, don can ma suna ɓoye abu. Duba ko an ƙirƙiri sabon akawun, ko an kunna Remote Desktop na Windows wanda yake amfani da ƙofar sadarwa mai lamba 3389, ita VNC tata 5900 ce, in ka ga an buɗe ɗaya daga cikinsu a rauta, wato na'urar da ke raba intanet, ba kai ka buɗe ba ka rufe. Fasuwod ɗin imel da na banki ka canza su daga wata na'urar daban, ba daga wadda aka shiga ba, ka kuma sanar da bankinka. Ni dai hankalina bai kwanta ba sai da na kwashe fayilolina na sake girka Windows daga farko, don ban san me ya bari ba.

Ita kuma matsalata ta asali, abun dariya, ashe VNC ɗin na girka shi ne yana jiran sai mai kwamfuta ya shiga kafin ya tashi. Sai na sake girka shi a matsayin sabis, wato aikin da ke gudana a bayan fage, na shiga services.msc na maida yanayin tashinsa na atomatik, shikenan. Masu Linux kuma yawanci rubuta umarnin systemctl enable da sunan sabis ɗin ne, misali xrdp, wata manhajar shiga daga nesa, in ya ƙi ka duba systemctl status zai nuna maka inda ya maƙale. Na sake kunna ta sau uku ina gwadawa, duk ta tashi da kanta, mutumin kuma har yanzu yana turo saƙo wai ban biya kuɗin gyara ba.