Daga Nim zuwa gida

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kowa lafiya. A gaishe min da Inna da yara.

Ka ce in ba ka labarin kaya da farashi a nan Nim, kudancin Faransa. Garin tsoho ne, tun zamanin Rumawa. Filin wasansu na dutse, mai kusan shekara 2,000, yana nan tsakiyar gari, har gobe ana wasan bijimai a cikinsa. Rumawan ne suka jawo wa garin ruwa daga wajen Uzes, nisan kilomita 50, ta kan gadar Pont du Gard. Yau ma ruwa ba abin magana ba ne: famfo ba ya ɗaukewa, a gidan abinci kuwa kyauta ake ajiye maka shi.

Kayan kanti ba su fi ƙarfin mai aiki ba. Dogon burodinsu Yuro 1 da 'yan kai ne, wajen sefa 800. Naman halal muna saye wurin mahauta Larabawan Magrib. Sai dai ba a ciniki. Abin da aka rubuta shi za ka biya, ba mai ce maka albarka, balle gyara. Gero kuwa, inda na fi ganinsa shi ne layin abincin tsuntsaye, wallahi! Kuka da daddawa sai mutum ya shiga jirgin ƙasa zuwa Marsai, unguwar Noway, kuma da tsada.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne aikin hannu. Na kai wando a rage masa tsawo kawai, tela ya karɓi abin da zai ɗinka min riga da wando a Maraɗi. Mai gyaran famfo, zuwansa kaɗai kuɗi ne, tun bai taɓa komai ba. Shi ya sa in abu ya lalace sau da yawa sai su yar, su sayi sabo.

Ganin likita Yuro 30 ne, kusan jaka 20, amma da katin lafiya da ake kira Vitale, inshorar gwamnati na mayar maka da mafi yawa. Matsalar samun rana ce. Likitan ido sai ka yi watanni kana jira. Lahadi kuwa yawancin shaguna a rufe suke.

Don Allah a ba telanmu shaddar nan ya ɗinka a kan tsohon awona, ya ɗan ƙara faɗi. A haɗo da kuka da yaji in an samu mai zuwa.