Daren cuku a gida ba giya: lemon inabi ko shayi da zoɓo?

Wata 'yar'uwarmu da ke zaune a birnin Liyon na Faransa ta kawo tambaya. Maƙwabtanta sun saba haɗuwa da daddare a gidan ɗaya daga cikinsu, a ci cuku iri-iri da burodi, a sha giyar inabi. Yanzu layi ya zo kanta, mutum 8 za su zo, ita kuwa giya ba ta shiga ɗakinta. Shin ta sayo lemon inabi na kwalba ya maye gurbin giyar, ko ta dafa shayi ta haɗa zoɓo? Ta ƙara da cewa wani ya ba ta shawarar ta nemi irin giyar nan da aka cire wa barasa.

'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri da kika ɗauki haƙƙin maƙwabtaka da muhimmanci. Ni dai zoɓo da shayi zan ce ki sa a gaba, lemon inabi ya zama ɗan rakiya. Ga dalilina.

Cuku abu ne mai maiƙo da gishiri. Comté, wanda ake yi a tsaunukan Jura da ba su da nisa da ke, kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa kitse ne. Kafin mutum ya ci yanka uku bakinsa ya yi nauyi, kamar wanda ya ci balangu mai kitse bayan ya huce. Aikin da giya ke yi wa Bafaranshe a wannan teburin shi ne wanke masa baki da tsami da bauri, don ya ji ɗanɗanon cuku na gaba. To tsami da bauri ba a barasa suke ba. Duk abin shan da ke da su zai yi wannan aikin, wanda ba shi da su kuma ba zai yi ba, ko da daga gonar inabi ɗaya suka fito.

A nan lemon inabi ke da rauni. Lokacin da ake yin giya, yis yana cinye sukarin da ke cikin inabin, shi ya sa giyar da suke sha da abinci kusan babu zaƙi a cikinta. Shi kuwa lemon, sukarinsa na nan daram: wajen giram 150 a lita ɗaya, alhali Coca-Cola ma giram 106 ne. Idan aka kurɓe shi bayan an ci Camembert ko Saint-Marcellin, ɗan cukun nan mai laushi da mutanen Liyon ke ji da shi, zaƙin zai danne komai, bakin ya ƙara nauyi. Bayan kofi biyu baƙinki za su ƙoshi da sukari, cukun da kika kashe wa kuɗi ya koma firji.

Amma yana da ranarsa. Ba ya buƙatar aiki, a buɗe kwalba ne a zuba, yara na son sa, kuma akwai cuku guda da ya dace da shi ƙwarai, wato Roquefort, na madarar tumaki mai koren zane a ciki, wanda ake ajiyewa ya nuna a kogunan dutse a kudancin Faransa. Gishirinsa da kaifinsa suna neman zaƙi, shi ya sa su kansu Faransawa suke haɗa shi da giyarsu mai zaƙi ta Sauternes. Ki tanadi kwalba ɗaya ta farin lemon inabi, ki sanyaya sosai, ki fito da ita a ƙananan kofuna idan an zo kan Roquefort. Wanda ya fi son sa tun farko, ki sirka masa da ruwa mai gas, rabi da rabi. Lemon tuffa mai gas ma yana tafiya da Camembert, duk biyun 'yan yankin Normandi na Faransa ne, sai dai ki karanta kwalbar da kyau: wadda aka rubuta wa jus de pomme lemo ce, wadda aka rubuta wa cidre giya ce.

Zoɓo kuwa yana da abin da lemon inabi ya rasa. Tsaminsa na gaske ne, yana da ɗan bauri, kuma a cikin dogon kofin gilashi ja ne jawur mai kyan gani. Sharaɗin shi ne kada ki yi shi irin na biki, da citta da kanumfari da abarba da sukari cike da kofi. Wannan zoɓon yana da daɗi, amma zai shige gaban cukun. Ki wanke busasshen zoɓon, ki jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana a firji maimakon ki tafasa, ki tace, ki sa sukari kaɗan, iya wanda zai rage kaifin tsamin. Ki ɗanɗana shi da guntun cuku a baki kafin ki ƙara. Ki ba da shi da sanyi amma ba ƙanƙara, don ƙanƙara na kashe harshe. Da Saint-Marcellin da Brie da duk cukun da ke narkewa a faranti, ban san abin da ya kai shi ba cikin abubuwan da ba sa sa maye. A shagunan 'yan Afirka na unguwar Guillotière za ki same shi, da sunan bisap, kamar yadda 'yan Senegal ke kiran sa. Kuma tun ana gobe taron kin gama aikinsa, ranar taron sai zuba wa baƙi.

Shayi ne ya fi ba ni sha'awa, domin haɗa shi da cuku ba sabon abu ba ne a wajenmu. A Agadas da Tawa da sauran yankunan makiyaya na Nijar, Buzaye da Fulani suna shanya cuku ya bushe, a ɓantare shi a ci da shayi mai ƙarfi a ƙananan kofuna, wasu ma su tsoma shi a ciki ya yi laushi. Baurin ganyen shayi dangin wanda ke cikin ɓawon inabi ne, ga kuma zafi, abin da giya ba ta da shi. Zafin yana narkar da kitsen a baki, ƙamshin cukun ya tashi. Baƙin shayi ba madara ya fi dacewa da cuku mai tauri irin Comté, koren shayi mara ƙarfi kuma da cukun madarar akuya irin Crottin de Chavignol. Ki rage sukari ƙwarai a kan yadda muka saba, na'ana'a kuma ki bar ta sai zagaye na ƙarshe, bayan an ɗauke faranti.

Matsalarsa biyu ce. Faransawa ba sa zama cin abincin dare sai wajen ƙarfe 8, kuma wasu ba sa iya barci idan sun sha shayi a lokacin. Sannan yana son mai kula da shi, ga shi ke ce mai masaukin baƙi. Idan maigida ko wani ɗan'uwa zai zauna da buta a gaban baƙin ya riƙa ɗagawa yana zubawa, to kin samu abin da zai ɗauki hira na tsawon dare. Idan ke kaɗai ce, ki fara da zoɓo, ki kawo shayin sau ɗaya a tsakiyar zama, daidai lokacin Comté.

Giyar da aka cire wa barasa ban ba ki shawararta ba. Sai an yi ta giya cikakkiya tukuna, sannan a tsame barasar da na'ura, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda a kira ta haka ko da sauran barasa ya kai kashi 0.5 cikin 100. Malamai sun yi saɓani a kanta, kuma wadda ta ce giya ba ta shiga ɗakinta ba ta da dalilin ɗaukar wannan shubuha. Ko ta fuskar ɗanɗano ma, wanda ya saba da ta ainihi zai riƙa auna ta da waccan ya ga ta gaza. Zoɓo ba shi da abin da za a auna shi da shi, baƙonki zai sha shi a matsayinsa na zoɓo.

Akwai abin da ya fi abin sha buƙatar lura, shi ne cukun kansa. Wasu ana wanke bayansu da barasa lokacin da suke nuna. Époisses na yankin Burgundi shi ne fitacce, kada ƙamshinsa da yabon mai shago su ja ki. Ki gaya wa mai sayarwa kai tsaye cewa ba kya son wanda giya ta taɓa, sun saba da irin wannan tambaya. Na biyu shi ne abin da ake daskarar da madarar da shi. Comté da Roquefort da yawancin cukun gargajiya na Faransa ana yin su da wani sinadari da ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi ko ɗan rago, wanda littattafan fiƙihu ke kira infaha. Idan dabbar ba yankakkiya ba ce, Imam Malik da Imam Shafi'i suna ganin ba ta da tsarki, Imam Abu Hanifa kuma yana ganin tana da shi, Ibn Taimiyya ma ya rinjayar da wannan. Ki tambayi malamin da kika amince da shi kafin ki je kasuwa. Idan kin zaɓi kaucewa, ki nemi wanda aka rubuta wa coagulant microbien a jiki, akwai su da yawa a manyan kantuna. Wagashi, cukun Fulanin Benin da Gana, ba shi da wannan magana sam, domin da tumfafiya ake daskarar da shi. Idan kin dace da shi, ki soya ki ɗora a tebur da zafinsa.

Kala huɗu ko biyar sun isa mutum 8. Idan cukun ne abincin daren gaba ɗaya, ki lissafa giram 150 zuwa 200 ga kowane baƙo. Ki fitar da shi daga firji awa ɗaya kafin a zauna, kowanne da wuƙarsa, a fara da mai sauƙin ɗanɗano a ƙare da Roquefort. Burodi ya wadata, sai dabino da goro irin na Turawa da 'yar zuma. Inda su suke jera yankakken naman alade, ke ki sa kilishi mara yaji sosai, yana tafiya da Comté da shayi. Idan akwai mai juna biyu a cikin baƙin, ki nuna mata cuku mai laushi da aka yi da ɗanyar madara, an rubuta lait cru a jikinsa, domin likitoci suna hana su cin sa saboda ƙwayar cutar listeriya.

Sai maganar da idan ba ki yi ta da wuri ba za ta ba ki kunya a bakin ƙofa. Al'adar Bafaranshe ce idan an gayyace shi ya zo da kwalbar giya a hannu a matsayin tsaraba, kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Ki faɗa musu tun a saƙon gayyata cewa gidanki ba a shan giya, abin sha yana wuyanki, wanda yake son ya riƙo wani abu ya taho da burodi daga gidan burodin da ya fi so, ko 'ya'yan itace, ko cukun garinsu da yake son ki ɗanɗana.