Sayen tsohuwar motar gudu don tsere a Ingila: tsatsa ta fi injin cin kuɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu sha'awar mota a gida suna yawan tambaya ko gaskiya ne a Ingila ana samun tsofaffin motocin gudu jibge a gareji shekara da shekaru, mutum ya saya ya gyara ya shiga tsere da su alhali ba sana'arsa ba ce. Gaskiya ne. Sai dai wanda ya zo da lissafin gida, kuɗinsa zai ƙare kafin motar ta taka filin tsere.

A gida kayan gyara ne ke wuyar samu, aikin hannu kuwa da sauƙi. A nan akasin haka ne. Motar da aka fi shiga harkar da ita, Mazda MX-5 wadda ta fara fitowa a 1989, kusan duk abin da kake nema nata za ka yi oda ta intanet a kawo maka har ƙofa, sabo ko na hannu. Amma bakanike da mai walda da awa suke lissafin aikinsu. Shi ya sa mataccen injin ba ya tsorata masu saye kamar yadda tsatsa ke tsorata su. Injin ciro wani ake yi a ɗora. Tsatsa kuwa sai an yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, an lanƙwasa sabo, an yi walda, kuma duk inda aka yanke sai a tarar ɓarnar ta wuce inda ido ya gani.

Ƙasar akwai damshi, kuma lokacin sanyi gishiri ake watsawa a kan titi don kada ƙanƙara ta daskare, shi ke cinye ƙarƙashin mota. A MX-5 ka fara duba ƙarfen da ke ƙasan ƙofa, daidai gaban tayar baya. Rufin motar na tamfol ne, yana da ƙananan magudanan ruwa. Idan suka toshe ruwan yakan taru a cikin ƙarfen, ya ci shi daga ciki, fenti na nan da ƙyallinsa a waje. Ka je da tocila da sukundireba da maganaɗisu. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, cike aka yi aka shafa fenti. A samfurin da ya biyo baya daga 1998, ka ƙara leƙa ƙarafan shasi na gaba. Wannan ya fi muhimmanci ga motar tsere, domin kejin ƙarfen da zai kare direba idan mota ta kife a jikin daɓen motar ake kafa shi, ruɓaɓɓen daɓe kuwa ba ya riƙe komai.

Abin da ya fi burge ni a tsarin nan shi ne ba sai ka dogara da bakin mai sayarwa ba. Da lambar mota kawai za ka ga tarihin gwajin lafiyarta na shekara-shekara, wato MOT, a shafin gwamnati kyauta, tun daga 2005: nisan da ta yi, abin da ya kayar da ita, har gargaɗin tsatsa. Ka gwada lambar shasi da ta takardar rajistar motar, wato V5C. Motar da ta daɗe a ajiye galibi an yi mata SORN, wato an sanar da hukumar rajistar motoci ta DVLA cewa motar ta bar hawa titi, don haka da tirela za ka je ɗaukarta.

Kada ka yarda a tayar maka da ita nan take don a nuna tana aiki. Bakin mai ya daɗe da tsiyayewa ƙasa, ƙarfe zai goga ƙarfe a bushe. A cire fulogogi, a ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, a juya injin da sifana zagaye biyu a ji ko ya cije. A canza bakin mai da filta, a murza makulli fulogogi na waje har mai ya hau. A zubar da tsohon fetur, a canza filtarsa da tiyoyinsa. Tun Satumban 2021 fetur ɗin yau da kullum a nan E10 ne, sinadarin itanol da ke cikinsa yana jan ruwa yana kuma cin tsohuwar roba. Bel ɗin taimin shekaru ke kashe shi ko motar ba ta motsa ba. A waɗannan MX-5 idan ya tsinke injin tsayawa kawai zai yi, amma a Porsche 944 fistin zai daki bawul, aiki ya koma babba. Lagireton da robar samansa ta koma ruwan ƙasa ya kusa fashewa, a canza shi.

Birki ne ba a yi masa rowa. Man birki yana shan damshi daga iska. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na ma'aunin Celsius, amma idan ya sha ruwa yana iya sauka zuwa wajen 155. A titi ba za ka lura ba. A filin tsere, bayan an taka birki da ƙarfi sau da yawa a jere, man zai tafasa, ƙafarka ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. A zubar da shi duka, a canza tiyoyi da fatun birki, a duba na baya don sukan cije. Taya kuma ka karanta lambobi huɗun da ke gefenta: 2314 na nufin mako na 23 na 2014. Irin wannan ko zanenta na nan ta bushe, ba ta kama kwalta.

Shiga fili hawa biyu ne. Filaye irin su Brands Hatch da Silverstone da Donington Park suna ware ranakun da kowa zai biya ya zagaya da motarsa, da lasisin tuƙi da hular kwano, ba gasa ba ɗaukar lokaci. Ana auna ƙarar salansa da na'ura, wadda ta wuce iyaka ba ta shiga. Inshorar titi kuma galibi a bakin ƙofar fili take tsayawa.

Hawa na biyu, wato gasa ta gaske, sai da lasisin Motorsport UK, hukumar da ke kula da tseren motoci a ƙasar, bayan jarrabawar makarantun koyon tsere da ake kira ARDS, ta rubutu da ta tuƙi tare da malami. Kafin kowace gasa jami'ai suna bin motar: keji, bel ɗin kujera da ranar ƙarewarsa, tukunyar kashe gobara, makunnin yanke wuta, rigar da ba ta kama wuta. Ƙungiyoyi irin su 750 Motor Club da BRSCC suna da gasannin MX-5 zalla, kowacce da dokokinta kan samfuri da taya da abin da aka yarda a taɓa a injin. Ka karanta dokokin gasar da kake so tukuna, sannan ka nemi motar da ta dace da su.