Baƙar ledar da ta bi ni har Shamoni

Assalamu alaikum ƴan uwa na Maradi. Shekara shida ke nan ina aiki a birnin Liyon na ƙasar Faransa, kuma duk hutun da na samu gida nake yi. Bana kuɗin jirgi ya fi ƙarfina, sai na ɗauki maiɗakina da yaronmu a watan Agusta muka tafi Shamoni, wani gari da ke kwance cikin kwari a gindin Mon Bulan, dutsen da tsawonsa ya haura mita 4,800. A garin aka yi wasannin Olamfik na ƙanƙara na farko a 1924. Da rana riga ɗaya ta ishe ka, amma in ka ɗaga kai, ƙanƙara ce fari fat a bisa duwatsu, cikin tsakiyar zafinsu.

Rana ta biyu muka shiga wani ɗan jan jirgin ƙasa mai haƙora a ƙarƙashi, ya hau da mu Montanber, mita 1,913, cikin kamar minti 20. Daga can ake kallon kogin ƙanƙarar da suke kira Mer da Gilas, wanda zafin duniya ke ci kowace shekara. Muka samu wani dutse muka zauna, na fiddo kilishin da ƙanena ya aiko mini, muka ci. Da muka tashi na saki ledar a ƙasa. Wallahi ban ma san na sake ta ba, hannu ne ya yi abin da ya saba.

Mun yi nisa kaɗan sai na ji ana kira a bayana. Wata dattijuwa ce, kanta duk furfura, tana dogara sanduna biyu na hawan dutse, tana haki. Ta miƙo mini ledar nan da hannunta, mai duk ya ɓata mata yatsu, ta ce: "Malam, kayanka sun faɗi." Ba ta ɗaure fuska ba, ba ta ƙara ko kalma ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sa'ar mahaifiyata ce ta duƙa ta ɗauki sharata, a gaban iyalina. Yaron ya dube ni ya ce: "Baba, a lakwal an hana mu." Na cusa ledar a aljihu, na kasa haɗa ido da kowa. Na duba ko'ina a hanyar ban ga kwandon shara ba, ashe a bisa dutse kowa da kansa yake saukowa da sharar da ya hau da ita.

Daren nan barci ya ƙi zuwa. Gida nake gani: baƙar leda maƙale a ƙaya da rassan bedi kamar jemagu, ledar ruwan sanyi cike da magudanan bakin babbar kasuwa, ga damina ta sauka, ruwa ya rasa hanya ya shiga ɗakunan mutane, sauro ya samu gida. Wanene cikinmu bai taɓa ganin an yanka akuya an fiddo dunƙulen leda daga tumbinta ba? Ƙasarmu ta yi dokar hana leda tun 2014, kafin ma Faransa ta hana tata a kantuna a 2016. Su sun daina, mu kuwa ko goron dala biyar ka saya sai an ƙulla maka a leda, in an manta kai ke tambaya. Mu da muke alwala sau biyar a rana, muke share tsakar gida tun asuba, sai mu kwashe sharar mu zuba a ƙofar gida mu ce aikin magajin gari ne.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Tsada ta yi yawa. Motar igiyar da ke kai mutane ƙololuwar Egwi du Midi, mita 3,842, kuɗin mutum ɗaya ya haura Yuro 70, wato sama da jaka 45, shi ya sa muka tsaya daga ƙasa muka kalla. Abinci kuwa cuku ne narkakke da dankali, naman alade ko'ina, sai ka tambaya ka sake tambaya kafin ka kai loma. Kwana huɗu ban ji kiran salla ba, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Ba mai ce maka bismilla in yana ci. Na yi kewar fura da nono mai sanyi, da dambun zogale, da zaman majalisa bayan la'asar. Ruwa ne kaɗai kyauta, a gidan abinci da famfunan bakin titi, mai sanyi kamar daga randa.

Ledar nan sai da na sauko da ita har masaukinmu kafin na jefa ta a kwando. Da safe na kira ƙanena na ce ya tara yaran layinmu su yashe kwatar ƙofar gida kafin ruwa na gaba, ni zan biya. Na kuma roƙe shi, in zai sake aiko da kilishi, a naɗe shi a takarda kamar yadda ake yi da.